Masassaƙin Yawuri da Mutanen Takarda

A Yawuri, can bakin kogi inda ake ɗaure jirage, an yi wani masassaƙi mai suna Barmo. Jirgi yake sassaƙawa, da turmi, da allo, in aiki ya yi sanyi kuma ya yi wa 'yan kasuwa hatimin katako. Shekararsu talatin da ɗaya tare da matarsa Lantana. Sun haifi 'ya'ya uku, duk suka koma tun suna goye, daga nan haihuwa ta tsaya, suka zauna su biyu.

A shekarar da wannan abu ya faru, ciwon ciki ya kwantar da Lantana. Barmo ya kai ta asibiti har Sakkwato. Bayan mako biyu likita ya ja shi gefe, ya ce ya mayar da ita gida, a riƙa ba ta duk abin da ranta ya so. Barmo ya gane maganar. Ya dawo da ita, ƙanwarta Hakama ta taso daga ƙauye ta zo jinya.

Ana cikin haka sai Alhaji Nomau mai jiragen haya ya sayo tsohon injin jirgi daga ƙasar Japan, ya kira Barmo ya sassaƙa masa mazauni. Da aka fasa akwatin, sai ga wasu ƙarafa an naɗe su da tsohuwar takarda. Barmo ya warware ta don ya goge hannu, sai ya tsaya. Hoton jirgi ne mai kan dodo a kan shuɗin ruwa, da mutum bakwai a ciki. Akwai ƙato mai tumbi da buhu a kafaɗa yana dariya, akwai masunci rungume da jan kifi, akwai mayaƙi da mashi, da mace ɗaya mai molo. A tsakiya ga wani tsoho mai dogon kai kamar tulu, riƙe da sanda, an ɗaure naɗaɗɗen littafi a kanta, gauraka na tsaye kusa da shi. Fuskokinsu duk sun dushe.

Barmo ya shafa bayan takardar da yatsa, ya ɗaga ta ga rana, sai ya ga jijiyar itace kwance cikin shuɗin. Ya ce a ransa, wannan ba alƙalami ya zana shi ba. Katako aka sassaƙa, aka shafa masa launi, aka danna takarda a kai kamar hatimi. Ya roƙi Alhaji Nomau ita, ya kai rumfarsa ya maƙala a jikin zana.

Rana ta uku da hantsi, yana zaune ya kasa ɗaga gizago saboda tunani, sai ya ji murya siririya kamar ana yaga ganye.

"Aminci gare ka, ya kai mai hannun sassaƙa."

Ya ɗaga kai. Tsohon nan mai dogon kai ya juyo yana dubansa. Barmo ya karanta duk abin da ya zo bakinsa na neman tsari, amma tsohon bai ɓace ba.

"Kada ka firgita," in ji tsohon. "Ba cutarwa ta kawo mu ba, roƙo ne. A ƙasar da aka yi mu, mutane na kiran mu ma'abota sa'a da tsawon rai. Katakon da aka fitar da mu daga jikinsa ya tsufa, ya cinye, muna shafewa. Shekara ɗari da hamsin muna neman wanda zai gane itace ta bayan takarda. Kai ne na farko a wannan ƙasa."

Kalma biyu kaɗai suka zauna wa Barmo a kunne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, tsawon rai ka ce?"

"Ya daɗe ɗin, shi ne ciwon. I, haka na ce. Wannan littafi da ka gani a kan sandata, littafin kwanaki ake ce masa. Ka zo ka sabunta mana fuskokinmu, duk abin da ke hannunmu naka ne."

Barmo ya san ajali na Allah ne, tun yana yaro aka koya masa. Amma a daidai lokacin ya jiyo nishin Lantana ta bayan katanga. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya durƙusa kusa da ita.

"Lanti, zan je neman magani. Ba zan daɗe ba."

Ta riƙe bakin rigarsa. "Malam, wane magani ya rage? Ka zauna."

"Yau ɗin nan zan dawo."

Ya zare rigarsa a hankali, ya ɗauki gizagonsa da 'yar wuƙar sassaƙa, ya nufi kogi. Kamar yadda tsohon ya umarce shi, ya shimfiɗa takardar a kan ruwa cikin ciyayi, ya yi bisimilla, ya taka ta.

Sai ga shi cikin ƙaramin kwale-kwale a tsakiyar wani teku shuɗi kamar an tsoma duniya a karofi. Rana ja ce, zagayayya, a kafe wuri ɗaya, ba ta zafi. Masuncin nan mai jan kifi yana zaune a baya da filafili. Rabin fuskarsa babu, kamar an goge da tsumma.

"Riƙe da kyau, ɗan Adam," ya ce. "A nan kome a juye yake. In kana son dama, ka nufi hagu."

Ba su yi nisa ba igiyar ruwa ta taso, ta fi rimi tsawo, a bakinta fararen yatsu ne masu farata. Ta tsaya a kansu, ba ta faɗo ba, ba ta koma ba. Murya ta fito daga cikinta.

"Wa ke ratsa ni da jini a jikinsa? Ba a wuce ni sai an bar mini abin da hannu ya saba da shi."

Barmo ya dubi wuƙar, ya dubi gizagon. Gizagon na mahaifinsa ne, ƙotarsa ta lotse daidai yatsun mutum biyu. Amma da wuƙa ake fitar da ido da baki. Ya jefa gizagon. Yatsun suka cafe, ruwan ya kwanta, suka wuce. Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya zai yi kuka.

Suka sauka a wani gari mai gidajen katako da ƙofofin takarda. Masuncin ya ce, "Nan ne garin shafaffu, waɗanda katakonsu ya mutu. Ka bi titin nan har gindin dutse. Kada ka tsaya wa kowa."

Garin cike yake da mutane, amma tsit. Ga tufafi masu ado, ga laima, ga takalman itace, sai dai inda fuska za ta kasance fari ne fat. Da suka ji ƙamshin ƙarfe a jikinsa sai suka yo kansa, suna lalube, suna kama hannunsa suna ɗorawa a fuskokinsu. Barmo ya sunkuyar da kai yana kutsawa. Ya kusa fita ke nan wata mata ta faɗi a gabansa, goye da jariri, ta rungume ƙafarsa. Ta ciro wani guntun katako daga ƙirjinta ta miƙa masa. Ragowar katakon da aka fitar da ita daga jikinsa ne, bai fi tafin hannu ba.

Ya tuna gargaɗin, amma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Ya zauna a ƙasa ya fitar mata da ido biyu da baki. Nan take suka bayyana a fuskarta. Ta kwance goyon, ta juyo da jaririn don ta gan shi, sai ta tarar ba shi da fuska, katakonsa kuwa babu ko ɓarɓashi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Da ban gani ba, ina tsammani yana yi mini murmushi," ta ce. "Na gode, baƙo. Tafi."

Barmo ya tashi. Sauran suka taso masa kamar fari, ya sheƙa da gudu har gindin wani dutse mai farin kai. A bakin kogo mayaƙin nan ya gitta masa mashi.

"Tsaya. Dubban mutane sun sunkuya mana, sun ƙona mana turare. Kai ma sunkuya, sannan ka shiga."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki aka kira ni, aiki na zo yi. Goshina kuwa na Mahaliccina ne, ba na kai shi ƙasa ga wani."

Mayaƙin ya janye mashin. "Masassaƙa biyu sun zo kafin kai, daga wasu ƙasashe. Sun sunkuya, suka zama takarda. Wanda ya ɗauke mu iyayengiji ba zai iya sa mana wuƙa ba. Shiga."

A cikin kogon katakon yake, jingine da bango, girmansa kamar ƙyauren zaure. Jan itace ne mai ƙamshi wanda Barmo bai taɓa gani ba. Ƙwaro ya huda shi, layukan sun cinye saboda yawan dannawa. Amma da ya shafa, sai ya ji hannun wanda ya yi aikin, mutum mai haƙuri wanda bai san gaggawa ba. Su bakwai suka zauna a jere suna jira. Ya naɗe hannun riga ya fara.

Ya fara da masuncin, ya bi da mayaƙin. Duk layin da ya zurfafa a itace, sai ya fito a fuskar mai shi. Ranar nan ja ba ta motsa ba. Barmo yana salla da kirdado, in gajiya ta kayar da shi ya ɗan runtsa, ya tashi ya ci gaba. Duk sanda ya tambayi lokaci, tsoho mai dogon kai sai ya ce, "Dubi rana, ai hantsi ne har yanzu."

Ƙaton nan mai buhu shi ke kawo masa abinci, dunƙulen shinkafa marar gishiri. Kullum yana ƙyaƙyata dariya, tumbinsa na rawa. Da layi ya zo kansa, sai ya matso ya yi ƙasa da murya, dariyar ba ta tsaya ba.

"Masassaƙi, ina da roƙo. Ka rufe mini bakin nan ko kaɗan."

"Don me?"

"An sassaƙa ni ina dariya. Na rataya a ɗakin da aka yi makoki, ina dariya. Gida ya kama wuta da mutanensa a ciki, ina dariya. Na gaji."

Barmo ya duba katakon, ya girgiza kai. "Abin da aka riga aka cire daga itace ba ya komawa. Zurfafawa kaɗai zan iya."

"To, zurfafa," in ji mai buhu, hawaye na bin kumatunsa yana ƙyaƙyatawa.

Haka ya gama shida, har da tsohon, wanda ya fito da gemu gashi ɗaya-ɗaya da idanu masu nauyi. Saura mace mai molo. Ita ta fi kowa shafewa, bakinta kaɗai ya rage, kamar zare. Barmo ya wasa wuƙa, ya ɗora a inda girarta take. Sai ta ce, "Dakata. Wa kake wa wannan wahala?"

"Matata. Tana kwance."

"Yaya sunanta?"

"Lantana."

"Me take yi in tana cikin jin daɗi?"

Barmo ya ce, "Tana tankaɗe tana waƙa ƙasa-ƙasa. In na shigo sai ta yi shiru, wai kunya. Shekara talatin da ɗaya, ban taɓa jin ƙarshen waƙar ba."

Mai molo ta ajiye molonta. "Ni aka yi domin masu ƙauna, ba zan ci amanar ɗaya daga cikinsu ba. Ɗan Adam, ranar nan zane ce, ba ta faɗuwa. Takardar da ka shimfiɗa a kogi tana taɓa jikina, raɓa ta sauka a kanta sau goma sha ɗaya. Kafin ka taɓa fuskata, ka ce a buɗe maka littafin."

Wuƙar ta faɗi daga hannun Barmo. Kwana goma sha ɗaya. Ya miƙe ya nufi tsohon.

"Buɗe littafin."

"Ƙarasa aikinka tukuna."

"Na yi shida. Buɗe, ka ƙara wa Lantana kwana, in tafi."

Tsohon ya dubi 'yan'uwansa, babu wanda ya ɗago kai. Ya kwance igiyar, ya warware littafin a ƙasa. Ya yi ta warwarewa har bakin kogo. Fari ne fat, babu ko ɗigo.

"Wanda ya sassaƙa ni bai rubuta kome a ciki ba," in ji tsohon, "don ya san a naɗe za a gan shi har abada. Shi kansa bai kai hamsin ba ya mutu, da tari. Mu ba mu ba kowa kwana ba, ba mu rage wa kowa ba. Mutane ne suka ji tsoron mutuwa da talauci, suka zana abin da suke fata, suka rataya a bango. Mu ne fatan nan."

"Ka sani tun a rumfata."

"Na sani. Na ce abin da ke hannunmu naka ne, ban faɗa maka hannun wofi ne ba. Ina tsoron shafewa kamar yadda kake tsoron rabuwa. Ba ni da wata hujja bayan wannan."

Barmo ya ɗauki wuƙar. Zuciyarsa ta raya masa ya kafta wa katakon sara ɗaya daga sama har ƙasa. Ya tsaya a gabansa yana huci. Sai ya ga ai shi ya kawo kansa. Ya san gaskiya tun kafin ya taka takardar, ya zaɓi ya manta. Ya sauke hannu, ya ce, "Astagfirullah." Ya juya wurin mai molo. "Bari in fitar miki da ido ko ɗaya."

"Ido ɗaya yini ne a wurinku. Tafi. Na ji labarin waƙar tankaɗe, ya ishe ni."

Tsohon ya kira gaurakarsa, ta durƙusa. "Ta ƙasa kwana uku ne. Ita za ta kai ka kafin ka gama salati." Da Barmo ya hau, tsohon ya miƙa sanda ya taɓa masa kai. "Ban san ko akwai wani abu a cikin sandar nan ba. In akwai, na ba ka."

"Ba kaina na roƙa wa ba," in ji Barmo. Amma gaurakar ta riga ta tashi.

Ya farfaɗo cikin ciyayi, ruwa iya gwiwa, la'asar sakaliya. Takardar ta jiƙe ta dagargaje, kogi na tafiya da ita guntu-guntu. Ya ruga gida.

Hakama na zaune a ƙofar ɗaki. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta yi masa sannu ba. "Yaya, an neme ka har Jebba. Masunta sun yi kwana uku suna laluben gawarka. Ita kaɗai ta ce kana raye." Ta kauce masa.

Lantana ta zama kamar kara a ƙarƙashin zane. Ya durƙusa. Ta buɗe ido a hankali.

"Malam. Ka ce yau ɗin nan."

"Na ce."

"Ka samo?"

Ya buɗe mata tafukansa, duk kanta da yankan wuƙa. "Ban samo kome ba, Lanti. Na je inda bai kamata in je ba, na dawo hannu wofi. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon hannuwan. "Kwana goma sha ɗaya, duk wanda ya taɓa ƙofa sai in ce kai ne. Hakama ba ta iya juya ni yadda kake yi. Na yi fushi, Malam, har na gaji da fushin." Ta numfasa. "Na yafe. Ɗaga ni in jingina."

Ya ɗaga ta, ya jingina ta a ƙirjinsa. Ta nemi kunun tsamiya, Hakama ta dama, ta sha cokali biyu. Ba su ƙara wata doguwar magana ba. Ya so ya ba ta labarin inda ya je, ta ce ya bari, ba ta son jin abin da ya raba su. Washegari, rana na fitowa, ta cika a jikinsa, yana laƙƙana mata kalmar shahada.

Barmo yana da shekara hamsin da takwas a lokacin. Ya ƙara arba'in da shida a duniya. Bai taɓa sanin ko sandar tsohon ce ba, ko kuwa haka Allah ya rubuta masa tun farko, shi dai ya fi gaskata na biyun. Ya bi gawar Alhaji Nomau, ya bi ta Hakama, ya bi ta 'ya'yan Hakama. Abokan da suke zama tare a bakin kogi suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana babu mai kiran sa da sunansa, kowa sai Baba Tsoho. A duk Yawuri babu wanda ya rage da ya san Lantana ko a fuska.

Saboda yawan shekarunsa, in an yi haihuwa sai a kawo masa jariri ya sa albarka. Wata rana wani magidanci ya ɗora masa ɗiyarsa a cinya, ya ce, "Baba, a roƙa mata tsawon rai irin naka."

Barmo ya dubi jaririyar da idanunsa da suka yi hazo. Sannan ya tofa mata addu'a a ka.

"Allah ya raya ta," ya ce, "ya bar mata waɗanda za su riƙa kiran ta da sunanta har ranar da za ta tafi."